Antibairos Na Kyauta: Wa Za Ka Ba Gadin Kwamfutar Gida?



Sharhinmu na yau a kan kwamfutar gida yake, wadda yara ke aikin makaranta da ita da rana, da dare maigida ya buɗe ya duba lissafin shago. A cikinta ga hotunan biki da na suna, ga kwafin takardun shaida, ga aikin ɗalibin da ke shekarar ƙarshe a jami'a. Duk mai irin wannan kwamfuta, ko ba daɗe ko ba jima, sai ya yi tambayar nan: wane antibairos zan sa, wanda ba sai na cire ko kwabo ba?

Bari in ba da amsar tun yanzu, saboda wanda wani uzuri zai tayar kafin mu kai ƙarshe. Idan kwamfutarka na ɗauke da Windows 10 ko Windows 11, kuma tana karɓar sabuntawa ta intanet, to akwai antibairos na kyauta a cikinta tun daga kamfani. Sunansa Microsoft Defender, kuma a ganina ya wadatar da yawancin gidaje. Abin da za ka ƙara masa manhaja ce guda ɗaya ta bincike, wadda ba ta zama a kunne sai ka kira ta. Na san wasu masu gyara ba za su ji daɗin maganar nan ba, domin sa antibairos na cikin abin da ake caji a kai. A yi mini haƙuri, ga dalilaina.

Bairos na yau ba shi ne na jiya ba. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta wanda ake kira Brain, wanda ya riƙa yawo a faifan filofi. Har sunansu da adireshin shagonsu da lambar wayarsu suka sa a cikinsa. A watan Mayun 2000 kuma wani mai suna ILOVEYOU ya taso daga birnin Manila, ya bi saƙonnin imel ya shiga miliyoyin kwamfutoci cikin 'yan kwanaki, yana lalata hotuna da fayiloli. Waɗannan na da hayaniya, da sun shigo ka sani. Na yau kuwa sana'a ce, kuɗi ake nema, kuma ɓarawon da ya san aikinsa ba ya son ka farga. Manhajar leƙen asiri za ta shiga, ta kwashe kalmomin sirrin da ka adana a burauza, na Facebook da na imel da na banki, ta tura wa mai ita, kwamfutarka kuma na aiki lafiya lau kamar ba abin da ya faru. A 2025 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa cikin wata 2 kacal, daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Mayu, ya gano kwamfutoci sama da 394,000 a faɗin duniya da irin wannan manhaja mai suna Lumma ta shiga.

Saboda haka maganar nan da muka saba, wai kwamfutata ta yi nauyi, lallai bairos ne, ba kullum take gaskiya ba. Sau da yawa nauyin nan na tsufan ma'adana ne, ko ƙarancin ram, ko ƙurar da ta toshe fanka har na'ura ta ɗauki zafi. Yawancin kwamfutocin da ke gidajenmu na hannu ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso kasuwa. Kuma akasin haka ma gaskiya ne: kwamfuta na iya gudu kamar sabuwa alhali ana yashe ta.

Ta yaya antibairos ke gane mugun abu? Da farko yana da jerin alamomin waɗanda aka riga aka sani, duk fayil ɗin da ya shigo sai ya gwada shi da jerin. Sannan yana lura da ɗabi'a: in ya ga wata manhaja ta tashi haka kawai tana kulle fayiloli ɗaya bayan ɗaya, ko tana laluben inda burauza ke ajiye kalmomin sirri, sai ya tare ta ko bai san sunanta ba. Na zamani kuma kan tambayi kamfaninsu ta intanet nan take in sun ga baƙon abu. Cibiyar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus ta ce kullum tana rajistar sababbin miyagun manhajoji da masu kama da su sama da 450,000. Kullum fa, ba duk wata ba. To ka ga antibairos ɗin da aka sa maka ranar da ka sayi kwamfuta, bai sake ganin intanet ba shekara guda, ado ne kawai a kan allo.

Nan ne matsalarmu ta gida take. Data na da tsada, sai mutum ya je wurin mai gyara ya ce a kashe masa ofdet gaba ɗaya. Na fahimci dalilin, babbar sabuntawar Windows na iya shanye datar wata. Amma jerin alamomin da antibairos ke saukewa kullum ɗan ƙarami ne, bai kai bidiyon da muke kallo a WhatsApp muna dariya ba. Wanda ya zaɓi antibairos mafi suna a duniya ya hana shi sabuntawa, wanda ya bar na cikin Windows yana sabunta kansa ya fi shi tsaro nesa ba kusa ba.

Wannan Defender da nake magana, ya cancanci raini a da. Asalinsa manhajar wani ƙaramin kamfani ne mai suna GIANT, wanda Microsoft ya saya a Disambar 2004, kuma manhajojin leƙen asiri kawai yake kamawa. Sai a Windows 8, a 2012, ya zama cikakken antibairos, kuma shekarun farko a ƙasan jeri yake zama in an yi gwaji. Masu gyaran da suka koyi aiki a wancan lokaci ba su yi ƙarya ba da suka ce ba shi da ƙarfi. Sai dai zamani ya wuce wannan magana. A 'yan shekarun nan yana samun maki daidai da na manyan da ake biya, sau da yawa ma cikakken maki. Ba ya nuna maka talla, ba ya ƙarewa bayan wata guda, ba ya damunka da cewa ka sayi babbansa.

Kada ka ɗauki maganata ko ta mai shago. Akwai cibiyoyin da aikinsu ke nan, gwada antibairos da miyagun manhajoji na gaske su wallafa sakamako kowa ya gani kyauta. AV-TEST ɗin da na ambata na ba da maki 6 a kan kariya, 6 a kan rashin nauyaya kwamfuta, 6 a kan rashin kama abin da ba shi da laifi, jimilla 18. Akwai kuma AV-Comparatives a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya. Duk sunan antibairos ɗin da aka ambata maka, ka nemi sunansa a wurarensu. In bai taɓa shiga gwaji ba, wannan kaɗai ya isa ya sa ka dakata. Ka kuma kula da maki na biyu, na nauyi, domin kwamfuta mai ram 4 ba ta da ƙarfin ɗaukar manhajar da ta zo da kayan ƙawa goma.

Akwai bambancin da in ba a gane shi ba, duk zaɓin zai rikice. Waɗannan manhajoji iri biyu ne. Na farko kamar mai gadi ne a bakin ƙofa, dare da rana yana nan, duk mai shiga sai ya duba shi. Na biyu kamar wanda kake kira ne ya zo ya caje gidan lungu da saƙo, ya gama ya tafi abinsa. Mai gadi ɗaya ake ajiyewa. In ka ajiye biyu a ƙofa ɗaya, kowanne zai riƙa kallon ɗan'uwansa a matsayin ɓarawo, su riƙa kokawa a kan fayil guda, kwamfuta ta yi ta sanƙarewa. Shi ya sa da zarar ka sa wani antibairos na waje, Defender kan janye jikinsa ya bar masa wurin. Amma mai caje gida, wannan ba ya faɗa da mai gadi, kuma idonsa kan ga abin da ya sulale.

A wannan rukuni na biyu, wanda ya fi suna shi ne Malwarebytes. Na kyautarsa bincike yake yi ya cire, ba ya gadi. In ka sa shi zai ba ka 'yan kwanaki na gwajin wanda ake biya, daga nan ya koma na kyauta, kuma wannan komawar ba lalacewa ba ce, ka bar shi haka. Kamfanin na da wata ƙaramar manhaja mai suna AdwCleaner, wadda ba ta ko bukatar a girka ta. Ita gwana ce wajen kwashe tarkacen talla: abin nan da ke sauya maka shafin farko na burauza, ya mayar da bincikenka wani wuri da ba ka sani ba, ya riƙa ɓullo da hotunan da za su ba ka kunya a gaban yara. Microsoft ma na da nasa, Safety Scanner, wanda ke daina aiki bayan kwana 10 da saukewa, da gangan, domin kada a yi bincike da tsohon jeri. Tsofaffin hannu za su tuna Spybot da Ad-Aware. Sun yi zamaninsu, kuma sun yi aiki, amma yau ba su ne zan fara miƙa wa mutum ba.

To in mutum ya ce shi dai bai yarda da na cikin Windows ba, sai ya sa na waje fa? Ba laifi. Akwai na kyauta masu ƙarfi: Bitdefender na ƙasar Romaniya, Avast da AVG da suka taso daga ƙasar Cek, Avira na Jamus, Kaspersky na Rasha. Dukansu suna shiga gwaji, kuma a wajen kama bairos ba a raina su. Sai dai Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfani na biyan injiniyoyi ɗaruruwa albashi, yana ba ka kayansa kyauta, to daga ina kuɗin ke fitowa? Yawanci daga talla ne: kullum a nuna maka jan rubutu cewa an gano matsaloli a kwamfutarka, ka latsa gyara, a ce sai ka biya. Wannan damuwa ce kawai, ana iya jurewa. Amma akwai lokacin da abin ya wuce haka.

A Janairun 2020 binciken wasu kafofin labarai biyu na Amurka, Motherboard da PCMag, ya fallasa cewa Avast na tattara bayanan shafukan da masu amfani da shi ke ziyarta, yana sayarwa ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. Kamfanin ya rufe reshen cikin 'yan kwanaki. A Fabrairun 2024 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta ce an yi wannan ciniki daga 2014 zuwa 2020, an sayar wa kamfanoni sama da 100, ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5, ta kuma hana shi sayar da irin waɗannan bayanai don talla. Ku duba fa, jama'a: manhajar da mutum ya sa domin ta kare shi daga masu leƙen asirinsa, ita ce ke rubuta inda ya shiga da inda ya fita. Ba na cewa yau ma haka suke yi. Ina cewa duk wanda zai sa antibairos na kyauta, ya shiga saitinsa ya kashe duk wani zaɓi na raba bayanai, kuma lokacin girkawa ya daina latsa na gaba, na gaba, ido rufe, domin a nan ake cusa masa sabuwar burauza da bai nema ba.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: Avast ya sayi AVG tun 2016, a kan dala biliyan 1.3. Kamfanin Norton ya sayi Avira, sannan a 2022 ya haɗe da Avast, suka zama kamfani ɗaya mai suna Gen Digital. Wato mutumin da ke ta muhawara da abokinsa, wannan na cewa Avast ya fi, wancan na cewa AVG ya fi, duk a gida ɗaya suke zagaye. Shi kuwa Kaspersky, a Yunin 2024 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da shi a ƙasarta, ta ce tana tsoron gwamnatin Rasha na iya amfani da shi, daga ƙarshen Satumbar shekarar kuma aka tsayar da sabuntawarsa a can. Kamfanin ya musanta zargin. Haramcin na Amurka ne, bai hau kan mai kwamfuta a Kano ko Maraɗi ba. Abin lura a ciki shi ne antibairos na ganin komai da ke cikin kwamfutarka, fiye da kowace manhaja. Don haka zaɓensa ba maganar ƙarfi kaɗai ba ce, maganar amana ce. In ni za a tambaya, cikin na wajen nan Bitdefender na kyauta ya fi kwanta mini, saboda ba shi da yawan surutu.

Yanzu ga inda mutane suka fi faɗawa rami. Kana cikin duba wani shafi, sai allo ya cika da jan launi, ƙararrawa na kaɗawa, a rubuta an gano bairos a kwamfutarka, latsa nan a cire. Ka riƙe wannan: shafin intanet ba shi da ikon caje kwamfutarka. Hoto ne kawai aka tsara don ya tsorata ka, kuma abin da za ka sauke in ka latsa, shi ne bairos ɗin. Tsohuwar damfara ce. Tun 2008 hukumar kula da kasuwancin nan ta Amurka ta kai ƙarar wasu da suka yaudari mutane sama da miliyan 1 da antibairos na bogi masu sunaye irin su WinFixer da XP Antivirus, har kotu ta yanke hukuncin biyan dala miliyan 163 a 2012. Salon ya sauya, damfarar na nan. Yanzu sau da yawa saƙon kan ɓullo ne a gefen allo da tambarin wani sanannen kamfani, alhali daga burauza yake, domin wata rana wani shafi ya nemi izinin turo maka sanarwa ka amsa. Maganinsa ka shiga saitin burauza ka cire izinin, shi ke nan.

Haka kuma wurin saukewa. In ka rubuta sunan antibairos a Google, abin da ya fara fitowa a sama na iya zama talla, kuma an sha kama 'yan damfara suna sayen wannan gurbi da shafin da ya yi kama da na gaske. Ka duba adireshin da kyau, ka tabbata na kamfanin ne. Kada ka karɓi antibairos a filash daga hannun wani, kada ka sauke shi daga rukunin WhatsApp ko Telegram. Wanda aka ce maka na biya ne amma an fasa shi, an yi masa kirak, wannan kam ko kyauta da tukuici kada ka karɓa.

Maganar filash ta kawo mu ga ciwon da kusan kowane ɗalibi ya sani. Ka kai filash shagon buga takardu, ko wurin masu tura finafinai, ka dawo gida ka tarar duk foldodinka sun koma shotkat, kowanne da 'yar kibiya a gindinsa. Hankali ya tashi, a ce aiki ya tafi. Bai tafi ba. Ɓoye fayilolin aka yi, aka ajiye na bogi a madadinsu, kuma da ka latsa na bogin, bairos ya shige kwamfutarka ya zauna jiran filash na gaba. Kada ka latsa. Ka sa a caje filash ɗin tukuna, sannan ka kunna zaɓin nuna ɓoyayyun fayiloli, za ka ga kayanka na nan. Saboda wannan ciwo ne Smadav, wata ƙaramar manhaja daga Indonesiya, ta samu karɓuwa a shagunanmu, kuma a wannan fanni tana da amfani. Kuskuren shi ne a ɗauke ta a matsayin babban mai tsaro. Masu ita da kansu sun ce kariya ce ta biyu, an yi ta ne ta zauna tare da wani. Wanda ya kashe Defender ya bar Smadav kaɗai, ya rage wa kansa tsaro ne yana ganin ya ƙara.

Kashe Defender kuwa, mu faɗi gaskiya, ya zama ruwan dare, kuma mun san dalili. Yawancin Windows da Office da Photoshop da CorelDRAW da ke kwamfutocinmu na kirak ne. Kafin a sa kirak, abu na farko da ake yi shi ne kashe antibairos, domin zai kama shi. In ka tambaya a ce maka ai ƙarya yake, yana kama shi ne don kamfani ba ya son a ci kyauta. Wani lokaci haka ne. Amma kai da ke zaune a gida, ta ina za ka bambance? Akwai wani bairos mai garkuwa da fayiloli da ake kira STOP ko Djvu, wanda babbar hanyar yaɗuwarsa ita ce manhajojin kirak. Yana kulle hotuna da takardu, ya bar wasiƙa yana neman fansa, wadda a da dala 980 ce, ko 490 in ka biya cikin awa 72. Bai damu da kai talaka ne ko mai kuɗi ba. Ba zan tsaya ina wa kowa wa'azi a kan kuɗin lasisi ba, na san yadda aljihu yake. Amma akwai LibreOffice, kyauta ce ta halal, tana buɗe takardun Word da Excel. Akwai GIMP da Inkscape ga masu zane. In kuwa mai gyara ya riga ya taɓa maka kwamfuta, ka buɗe Windows Security, inda saitin Defender yake, ka duba abu biyu: kariya na kunne? Sannan a jerin wuraren da aka ce kada a caje, an sa wata folda? Sau da yawa a nan ake ɓoye abin.

Ga masu Windows 7, kuma suna da yawa, labarin ba daɗi. Microsoft ya daina toshe ɓarakarta tun 14 ga Janairun 2020, kuma babu antibairos ɗin da zai maye gurbin wannan. A Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya shiga kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe 150, ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila har aka soke ganin likita na dubban marasa lafiya. Ɓarakar da ya bi, Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris, wata 2 kafin nan. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, sai dai an buɗe ƙarin shekara guda ga wanda ya yi rajista. In kwamfutarka ba za ta iya ɗaukar Windows 11 ba, ko dai ka sa mata Linux Mint, wadda kyauta ce kuma tana tafiya da tsofaffin na'urori, ko ka bar ta don buga takardu da kallon fim, ka daina shiga banki da ita.

To in ana zargin bairos ya riga ya shiga, me za a yi? Ka fara kwafe takardunka da hotunanka zuwa wani wuri, amma banda manhajoji. Ka sabunta antibairos, sannan ka sa cikakken bincike, ba na gaggawa ba. Zai ɗauki lokaci, ka tabbata akwai caji ko wuta. Bayan nan, a cikin Windows Security akwai zaɓin da ake kira Microsoft Defender Offline. Kwamfuta za ta mutu ta sake tashi, ta yi bincike na kamar minti 15 kafin Windows ta gama farkawa, wato kafin bairos ya samu damar ɓuya. Kaɗan ne suka san da shi, alhali yana cikin mafi amfani. Sai ka bi da Malwarebytes da AdwCleaner, ka kuma buɗe burauza ka cire duk wani ƙari da ba ka tuna ka sa ba. Abin da aka kama, ka bari a keɓe shi maimakon gogewa nan take, domin antibairos ma kan yi kuskure, kuma abin da aka keɓe ana iya dawo da shi. In bayan duk wannan abin na dawowa, kada ka ɓata kwanaki, a yi fomatin a sa Windows sabuwa daga shafin Microsoft.

In fayil guda ne kake shakka, akwai shafin VirusTotal, mallakar Google tun 2012, inda za ka ɗora shi injunan antibairos kusan 70 su duba lokaci ɗaya. Amma kada ka ɗora takardar sirri, domin abin da aka ɗora a can masu bincike na iya gani. In kuma fayilolinka aka kulle ana neman fansa, cire bairos ɗin ba zai buɗe su ba. Ka duba shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Holan da hukumar 'yan sandan Turai da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe a 2016, akwai mabuɗan wasu nau'o'in kyauta. Ba duka ake samu ba. Wanda ke da kwafin kayansa a wata ma'adana da ba ta jone da kwamfutar, shi kaɗai ne ba ruwansa da wannan fargaba.

Saura abu guda da kusan kowa ke mantawa. Antibairos zai rubuta maka an cire, allo ya koma kore, ka yi ajiyar zuciya. Amma in manhajar leƙen asiri ce, ta riga ta aika abin da ta sata tun a mintunan farko. Cire ta bai dawo da kalmar sirrinka daga hannun wanda ya karɓa ba. Don haka ka ɗauki wata na'ura mai tsabta, ko wayarka, ka sauya kalmar sirrin imel da farko, domin ta nan ake sake saita sauran. Sannan ta banki, ta Facebook, da duk wadda ka taɓa adanawa a burauzar. A kowane asusu ka nemi wurin da ke cewa a fitar da kai daga dukkan na'urori, ka latsa, domin waɗannan ɓarayi kan saci shaidar shigar da burauza ke riƙewa, su shiga ba tare da an tambaye su kalmar sirri ba. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. In akwai katin banki da ka adana a kwamfutar, ka je banki a toshe shi a ba ka sabo.